Wasiƙa zuwa ga Mustafa a Santambul kan tafiye-tafiyen baɗi

Assalamu alaikum, ɗana Mustafa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyi? Mu nan Kano duk lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta nuna mini jerin wuraren da kake son zuwa baɗi: Kapadokiya, Antaliya, Konya, Faris, Roma, har da Dubai, kuma a gefen kowanne ka rubuta inda ake tsayawa kallon faɗuwar rana. Mahaifiyarka hankalinta ya tashi, ni kuwa daɗi na ji, domin saurayin da yake son ganin ƙasar Allah da idonsa bai yi laifi ba. Sai dai jerin ya fi ƙarfin shekara guda, ya kuma fi ƙarfin aljihun ɗalibi. In ka ce duk sai ka taka su, za ka zama kamar wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi a guje, ya fito bai san farashin komai ba. Shawarata ita ce ka zaɓi wurare uku, duk a cikin Turkiyya, ka kwana a kowanne, ka zauna da mutanensa.

Faris da Roma ka ajiye su tukuna. Katin ikamet ɗinka izinin zama ne a Turkiyya kaɗai, ba ya shigar da kai ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, inda waɗannan birane biyu suke. Sai ka nemi biza da fasfonka na Nijeriya, kuɗinta Yuro 90, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Ka lissafa wannan da Naira a yadda take yanzu, ka haɗa da tikiti da masauki, za ka gane dalilina. Dubai ma haka. Ba inda za su je, in da rai da rabo za ka same su bayan ka kama aiki.

Ka fara da garin da kake zaune. Na lura ɗalibanmu da yawa suna shekaru a Santambul ba su san komai ba sai hanyar makaranta da ɗakin kwana. Ka je unguwar Eyub ka ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya yarda da shi, sahabin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya iso Madina. Da tsufansa ya fito yaƙi har bakin ganuwar wannan birni, a nan ajali ya riske shi, ƙarni takwas kafin Sarki Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453. Ka kuma sani cewa ba ku ne farkon mutanen yankinmu da suka taka wannan birni ba. A shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Murad na Uku, sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, suka ƙetare Sahara a kan raƙuma kafin su kai ga teku. Ka san tarihi na koyar har na yi ritaya, saboda haka ina so ka riƙa tuna irin waɗannan mutane idan kana tafiya a titunan garin.

Wajen birni kuwa, ga nawa zaɓin. Bursa tana kusa, ita ce babban birnin Usmaniyawa na farko tun da suka ci ta a 1326, kuma babban masallacinta mai ƙubba 20 ya isa a yi tafiya dominsa. Edirne kuma ita ta gaje ta, a can ne Sinan, maginin da ya yi masallacin Sulaimaniyya da ke kusa da kai, ya gina masallacin Salimiyya yana tsoho tukuf, kuma shi ne aikin da ya fi alfahari da shi. Ka ga Sulaimaniyya tukuna sannan ka je Edirne, sai ka ga da idonka yadda mutum yake ƙara ƙwarewa a sana'arsa har ƙarshen rayuwa. Na uku Konya, wadda ka riga ka rubuta, inda aka binne Maulana Jalaluddin Rumi a 1273. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai ka daga Santambul. Idan kuɗi ya ragu, Kapadokiya ba ta da nisa daga can. Balan-balan ɗin da kake gani a hoto da asuba suke tashi, shigarsu tsada, amma tsayawa a kan tudu ka kalle su kyauta ne.

Sai maganar faɗuwar rana, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na fahimci abin da ya ja hankalinka. A Kano rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, kuma kafin a idar da magariba duhu ya rufe, domin muna kusa da tsakiyar duniya. Ga shi almuru a wurinmu lokaci ne na kiran yara su shigo gida da kora awaki turke, ba a saba tsayawa kallon sama ba. Ku kuwa kuna can arewa sosai. A watan Yuni rana takan kai wajen tara saura minti ashirin ba ta faɗi ba, a Disamba kuma tun kafin shida ta ɓuya, kuma jan sama yakan daɗe yana sauya launi. Da muka rako ka, yammacin da muka hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, muka juyo muna kallon hasumiyoyin tsohon birni rana tana sauka bayansu, ni kaina na kasa magana sai tasbihi. Don haka ba zan ce maka kada ka kalla ba. Ka kalla sosai, ni'ima ce.

Abin da nake roƙonka shi ne ka tuna cewa wannan lokacin da kowa yake ɗaga waya, shi ne lokacin da Allah Ya ce a yi tasbihi da gode maSa, kafin fitowar rana da kafin faɗuwarta, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratu Ɗaha. Ka tabbata ka yi la'asar da wuri, kada ka bar ta har rana ta yi ja. Ka tafi da alwalarka. Ka zaɓi wurin tsayawa kusa da masallaci, abin da ba shi da wuya a Turkiyya. A Uskudar akwai ɗan ƙaramin masallacin Shamsi Pasha a bakin ruwa, shi ma ginin Sinan ne, daga harabarsa kana ganin komai, ana kiran salla sai ka shiga sahu. Lokacin magariba gajere ne, abokai kuma za su ce a ƙara hoto ɗaya, a sha shayi tukuna. Kai ka miƙe. Hoto ɗaya ko biyu ya isa ka turo wa mahaifiyarka, sauran lokacin ka sa wayar a aljihu ka yi azkar ɗinka na yamma. Yawancin masu yawon nan ta gilashin waya suke ganin ranar, hankalinsu yana kan wanda zai yaba hoton a Instagram, kuma ba na so ka shiga layinsu.

A kan hanya za ka yi ƙasaru, domin duk garuruwan nan uku sun wuce nisan da ake ƙasaru a kansa. Abokanka Turkawa mafi yawansu Hanafawa ne, su sai sun yi niyyar kwana goma sha biyar suke cika salla, mu Malikawa kuwa niyyar kwana huɗu ta isa. Kada wannan ya zama abin gardama a tsakaninku, kowa yana da malamansa.

Kada ka ci bashi don yawo, ko na aboki ne. Duk wata ka ware ɗan abu daga alawus ɗinka, abin da ya taru shi zai gaya maka nisan da za ka iya. Kada ka sa tafiya a makon da ke gab da jarrabawa. Ikamet ɗinka ya kasance a jikinka kullum, domin 'yan sanda suna tambaya, kuma ka duba ranar ƙarewarsa tun yanzu. Ka tafi da abokin da ka yarda da tarbiyyarsa, ka kuma sanar da mu sunan masaukinka kafin ka tashi.

Ka sake rubuta jerin, ka sa watan kowace tafiya da abin da kake zaton za ta ci, ka turo mini kafin hutun tsakiyar shekara. Ta Konya ni zan biya maka tikitin jirgin ƙasa, in Allah Ya yarda. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi idan za ka bakin ruwa. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a zaune da tafe.

Wassalam,
Mahaifinka.