Sauro da dawakin tsibirin Gwadalup

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Cutar West Nile, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, ta ɓulla a Amurka a 1999. Zuwa 2002 an samu alamarta a jinin dawakin Gwadalup, tsibirin Faransa a yankin Karibiyan. Tsuntsaye ke ɗauke da ita, sauro ya kwaso ya kai wa doki. In ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai ka ga ingarma yana tangaɗi, leɓe na rawa, ya faɗi ya kasa tashi. Abin tausayi ne ƙwarai.

Tunda teku bai tare ta ba, mu da aka samu alamarta a jinin dawakinmu fa? Akwai allurar rigakafinta ta dawaki. Ina roƙon likitocin dabbobi su samo mana ita, masu barga kuma su yashe kwatami kafin damina.

Naku,
Mai kiwon doki, Katsina