Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Haƙƙin Ma'aikatan Kamfanin Minti Da Biskit

Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Ta hannun Hakiminmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka ma'aikatan wani kamfanin minti da biskit a nan Zariya, wanda bashi ya ci ƙarfinsa. Wata safiya muka je aiki muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an manna takardar banki a bango, mai gadi ya ce shi ma bai san komai ba.

Ranka ya daɗe, ba mu musun cewa kasuwa ta yi tsanani. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, kuɗin sukari da fulawa da ledar naɗi suka yi sama, ga ɗanyen sukarin ma daga Birazil ake shigo da yawancinsa. In an ɗauke wuta sukarin da ke kan dahuwa ya daskare a tukunya, sai an farfasa shi. Minti kuma kayan yara ne, ka ƙara masa kuɗi ya kwana a teburin mai sayarwa.

Amma ba mu muka ci bashin ba. Muna bin albashin watanni, babu kuɗin sallama. Abin da ya fi ci mana rai shi ne fansho: dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashi, kamfani ya ƙara kashi 10. Ana cirewa duk wata, amma da muka duba asusunmu sai muka ga an daɗe ba a zuba komai ba. Matan da ke zuba kaya a kwali, da yawansu zawarawa masu riƙon marayu, ko takardar ɗaukar aiki ba a ba su ba. 'Yan dako da masu sayar da abinci a bakin ƙofa duk sun watse.

Yanzu muna jin za a yi gwanjon injinan. Muna roƙon Sarki ya kira masu kamfanin da wakilin bankin da jami'an Ma'aikatar Ƙwadago zuwa fada, a ƙididdige haƙƙin kowa a rubuce, har da matan nan, kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba albashin ma'aikata fifiko idan ana rushe kamfani. Muna kuma roƙon Sarki ya yi wa attajiran Zazzau magana, ko wani zai sayi masana'antar a inda take ta ci gaba da aiki.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne,
Ma'aikatan da abin ya shafa, daga Sabon Gari, Tudun Wada da cikin Birni.