Wasiƙa Zuwa Ga Mama Daga Lesta

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da Baba da yara. Yaya ƙafar Baba? An gama yankan dawa? Ku gaishe mini da Kawu da matan Zumunta baki ɗaya.

Albishirinku, ranar Lahadin da ta wuce aka yi mini baftisma. Kun sha yi mini faɗa a kan ajin baftisma da na fara sau biyu a gida ban ƙarasa ba. To, Allah ya nufa sai a nan Ingila. Ba a rafi aka yi ba irin namu. A gaban majami'ar akwai wani rami mai kama da tafki a ƙarƙashin daɓe, sai suka ɗage katakon, suka cika shi da ruwan ɗumi saboda sanyi. Babu tulu, babu guɗa, amma da na fito na ɗaura zanen Zumuntan nan da kuka cusa mini a jaka ranar tafiya, sai hawaye.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni, don ban taɓa faɗa a waya ba.

Kun san tun Maris na 2024 aka sa dokar da ta hana masu aikin kula da tsofaffi irina kawo iyali. Na zo da sanin haka, amma zuciyata ba ta yarda ba. Sai na ɗauka kuɗina da kiran wayata ne ke riƙe da gidan nan. In na ji an ce 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye wajen Malumfashi ko Kafur, ranar ba na iya cin abinci.

Daren da Auta ya yi zazzaɓin nan ina aikin dare. Baban yara ya turo saƙo cewa jikin ya yi zafi ƙwarai, daga nan layi ya ɗauke. Na kira har hannuna ya gaji. Ƙarfe uku na dare ina zaune a ɗakin wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, ba ta barci sai an riƙe mata hannu. Ga hannunta a nawa, fatar kamar takarda, ɗana kuwa yana can inda hannuna ba ya kaiwa. A nan na tuna ayar Zabura 121 da Baba yake karanta mana in za a yi tafiya, cewa mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Na ce, Ubangiji, yaran nan naka ne tun kafin su zama nawa, na damƙa maka amanarsu, da Mama da Baba da mijina. Ban ji wata murya ba. Na dai ajiye wayar, na ƙarasa aikina. Da gari ya waye ne na ji Kawu ya kai shi asibiti a babur, an sa masa ruwa. A makon nan na je wurin fasto na ce a rubuta sunana.

Har yanzu tsoro yana zuwa, Mama, musamman yanzu da duhu ke rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma. In ya zo, sai in durƙusa in kira sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Ku ma ina roƙonku, ku daina ɓoye mini ciwo don kada in damu. Ku faɗa mini, mu yi addu'ar tare.

Na tura kuɗi ta hannun Baban yara. A fara biyan na makaranta da maganin Baba, a cire na baikon godiyar kaka, saura a ɗinka wa yara kayan Kirsimeti. Yanzu agogonku ya riga namu da awa ɗaya, saboda haka in kun taru addu'ar ƙarfe takwas, nan ƙarfe bakwai ne, ban fita aiki ba tukuna. Ku kira ni, ku ajiye wayar a tsakiyar tabarma in ji muryar Auta.

'Yarku mai kewarku.