Wasiƙa zuwa ga Abba, kafin ya hau keken nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ka kuma gama jarrabawa lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sau biyu, an fara shuka. Ƙafar Hajiya da sauƙi, tana gaishe ka.

Ba daga bakinka na ji ba. Ina alwala a tsakar gida Auta ta shigo tana nuna wa mahaifiyarka hoto a waya, wai Yaya ya sayi keke mai jakunkuna gaba da baya. Da na ɗago kai sai suka yi tsit. Kwana uku mahaifiyarka tana kewaye-kewaye kafin ta fito fili ta ce za ka tashi daga Gilasgo ka zagaye bakin tekun arewacin Sikotilan a kan keke, kai kaɗai, kwana takwas, kuma ka ce kada a gaya mini sai ka dawo. Wannan ɓoyon ya fi keken yi mini ciwo. Ban kira ka ba don na san halina a waya, kuma na san naka. Ni in ɗaga murya, kai ka ce "to Baba", ka ajiye waya ka yi abin da ka yi niyya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kada ka zaci da jahilci nake magana. Dare biyu na zaunar da Auta muna bin hanyar nan a taswira da bidiyo har idona ya yi ja. North Coast 500 ake ce mata, mil 516 ce, wato kimanin kilomita 830, kusan ka tashi daga Kano ka je Abuja ka dawo. Daga Inverness take farawa, can kuma take ƙarewa. A 2015 aka ƙaddamar da ita, kuma masu yawon buɗe ido a mota aka fi kira da ita tun farko. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na ga abin da ya ja ka, ba zan ɓoye ba. Da Auta ta nuna mini bakin ruwan Durness, farin yashi kamar an tankaɗe gari, ruwa garai-garai, duwatsu a tsaye a bayansa, sai da na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Ni da na yi shekara talatin da biyu ina zana wa yara teku a allo da alli ban taɓa tsoma ƙafata a cikinsa ba. Ubangiji da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halittarsa. Ban da ta cewa a nan.

Ruwan sama da iska da sanyi ba su dame ni sosai ba, namiji ne kai, ka sayi rigar ruwa ta kirki. Ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke taso wa mutum gungu-gungu da yamma idan iska ta kwanta, ka nemi maganinsu da ragar rufe fuska. Dokar ƙasar ta 2003 ta yarda mutum ya kafa tanti a daji, to, amma ka bar wuri yadda ka same shi, kada a ce baƙar fata ya zo ya ɓata. Abinci, teku ce a gefenka, ka ci kifi ka bar naman da ba ka san yankansa ba. Salla kuwa tafiyarka ta kai ta ƙasaru har ta wuce. Akwai masallaci a Inverness, ka fara da shi, ka tambayi limamin yadda suke yi da isha'i da asuba a watan Yuni. Duk waɗannan mahaifiyarka ce ta fi damuwa da su, na kuma isar mata.

Ni titin ne ya hana ni barci.

Abba, ka dube shi da kyau kuwa? A wurare da yawa na yamma da arewa faɗin mota ɗaya ne tak. Idan biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe a ɗan wurin kaucewa da aka tanada jefi-jefi. A kan wannan siririn titin ne motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da kicin, suke jerin gwano da bazara. Da yawan masu tuƙa su haya suka ɗauko, ba su saba da faɗinsu ba, idonsu kuma yana kan teku da duwatsu, don abin da suka biya kuɗi su gani ke nan. Wasu daga Jamus, wasu daga Faransa, wasu daga Amurka, duk ƙasashen da ake bin dama, ga su a ƙasar da ake bin hagu. Ina ɗan yaro aka yi canjin hannu a nan a 1972, muka koma dama, na kuma ga yadda manyan direbobi suka daɗe hannunsu yana komawa inda ya saba. Kai ma a dama ka tashi. Mutum in ya gaji, ko ya firgita a kwana, jikinsa ke yanke hukunci kafin hankalinsa ya iso. Za ka ce mini doka ta ce mai mota ya bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi. Na ji. Ka nuna mini inda mita ɗaya da rabin take a titin da mota ɗaya ta cinye.

Sai dutsen nan na hanyar Applecross, Bealach na Bà. An ce ma'anarsa a harshensu mashigar shanu, wato burtali ne aka zuba wa kwalta. Daga bakin teku ka hau har mita 626, a wani wurin kowace mita biyar ka tashi ɗaya, ga kwanoni masu naɗewa kamar rawani. A gindinsa akwai allon gargaɗi da ke cewa mai koyon tuƙi da manyan motoci kada su hau. Hawan bai tsorata ni ba, in ka gaji ka sauka ka tura. Gangarar ce. Keke da kaya, birki ya jiƙe, hazo ya rufe, mota ta ɓullo daga kwana. Sau uku na sa Auta ta mayar mini da bidiyon wani mai gangarowa, a na ukun na ce ta kashe.

Ka san dalilin da ya sa babu keke a gidan nan tun kafin a haife ka. Ka san shi a dunƙule, kamar yadda kowa ya san shi, don ba a zancen a gaban Hajiya. Abin da ba ka sani ba shi ne ni aka aika in ɗauko keken Baffanka washegarin ranar da mota ta buge shi ya rasu. Raleigh ne baƙi, mai tambarin zalɓe a goshi, wata shida yana tara kuɗinsa. Na same shi an jingine a gindin darbejiya. Tayar baya ta naɗe kamar faifan da aka taka, sirdin ya juya yana kallon gefe. Ƙunshin goron da ya sayo wa Hajiya yana nan ɗaure a kariya, ko warwarewa bai yi ba. Da na cicciɓe shi babban yatsana ya taɓa ƙararrawar, ta yi ƙara lafiya lau. A kafaɗa na kawo shi gida, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba. Abin da ya rage masa ke nan ya iso.

Direban ba mugu ba ne, Abba. Dattijo ne, ya zo gaisuwa har kwana bakwai, yana kuka yana rantsuwa bai gan shi ba. Na kuma yarda da shi, har gobe na yarda. Almuru ne, lokacin da rana ta tafi duhu bai zo ba, fitilar mota ba ta haska komai, ido kuma yana yaudarar mai shi. A wurinmu almuru ɗan lokaci ne, kafin ka idar da magariba ya wuce. Can inda za ka, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, ta fito ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, tsakaninsu kuma duhu ba ya kankama. Almurun ne yake kwana. Da na fahimci haka na ajiye wayar na fita waje. Na san ka. Za ka dubi sama ka ce ai da sauran haske, bari in ƙara kilomita ashirin. Ga gajiyar wuni, ga ƙasa ba mutane sai tumaki, don tun ƙarni na 19 masu filaye suka tashi ƙauyukan yankin suka zuba tumaki, ga wuraren da waya ba ta da sabis. Baffanka mutane sun ruga kansa nan take, duk da haka ba a yi komai ba. Kai wa zai rugo? Wa zai san sunanka? Wa zai juya ka gabas?

Ka ce tsumma na gani nake gudu don maciji ya taɓa sarata. To, ya sare ni, kuma dafin bai fita ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke raina, ka ji haushi in ka ga dama. Ban sayar da filin bayan tasha don ka je ka gwada ƙarfin cinyarka a burtalin Turawa ba. Na san kuɗin keken guminka ne, na aikin da kake yi Asabar da Lahadi, ban ce ka ci nawa ba. Amma ranka ba naka ne kai kaɗai ba. Kai ne babba. Sunan mahaifina gare ka, sunan da ko ni ba na iya kira gatsau. Ƙannenka huɗu kai suke kallo. Tsohuwar nan ta binne ɗa ɗaya saboda keke, so kake in shiga ɗakinta karo na biyu? Kuma a ce wai kada a gaya wa Baba, ka sa mahaifiyarka ta kwana uku da garwashi a hannu. Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce. In ka isa yanke shawarar tafiya kilomita 830, ka isa ka kira ubanka ka faɗa masa da bakinka.

Na san inda ɓoyon ya samo asali. Kana aji biyar na kama ka a bayan firamare kan keken haya, ƙafarka ko feda ba ta gama kaiwa ba, kana dariya yara suna bin ka. Dukan da na yi maka ran nan ban taɓa yi wa wani ɗa nawa irinsa ba. Mutane sun ce na wuce gona da iri. Su ba su ɗauko keken nan a kafaɗa ba. Hanin da na yi maka ban yi nadamarsa ba, ga shi ka girma da ƙafafunka biyu. Abin da ya tsaya mini shi ne ban zaunar da kai daren nan na gaya maka dalili ba. Na ji kukanka ta taga, na kai bakin ƙofa, na juya. Ga shi sai yau, a takarda.

Da zan bi zuciyata cewa zan yi ban yarda ba, kuma na san ba za ka tsallake ba, don kai ba mai saɓa mini ba ne a kan abin da na furta. Amma na hana yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ba zan sake hana mutum ɗan ashirin da shida da wannan sandar ba. Ka je, bisa sharaɗi.

Ba kai kaɗai ba. Ka nemi abokin tafiya, ko wane ne, ko wane addini yake yi, in dai mai hankali ne, ka turo mini lambarsa in ji muryarsa. Ka sa hular kwano duk da dokarsu ba ta tilasta ba, ni na tilasta. Riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ko ba ta yi kyau a hoto ba. Fitila fara a gaba, ja a baya, a kunne ko da tsakar rana. Idan ka ji mota a bayanka ka shiga wurin kaucewa ka sa ƙafa a ƙasa har ta wuce, kada ka yi jayayya da ƙarfe don kana da gaskiya. In hazo ya rufe dutsen nan ka bi ta hanyar da ta kewaye shi. Babban titin gabas kuma, A9, inda manyan motoci ke gudu, ban yarda tayarka ta taɓa shi ba. Ko ka yanke daga Tongue ka gangaro ta Lairg, ko in dole sai ka ga John o' Groats, ƙauyen da ke can kusurwar arewa maso gabas, to akwai jirgin ƙasa daga Wick da Thurso zuwa Inverness, ka sa keken a ciki. Ni zan biya tikitin. In abokanka sun ce ba ka cika zagayen ba, ka ce ubanka ne ya rage.

Sharaɗin da ya fi duka shi ne wannan. A watannin nan agogonku da namu ɗaya ne, na tabbatar. Idan aka kira magariba a masallacin unguwarmu, wajen bakwai saura, ka sauka daga kan keken, ko da rana tana tsaye a kanka kamar la'asar. Duk inda ka kai, nan ne masaukinka. Ka turo mini kalma ɗaya, "na sauka". In babu sabis, ka turo da zarar ka samu, zan jira. Ina so in shiga sahu na san ƙafarka tana ƙasa.

Na ba Auta kuɗi ta tura maka na fitila da hula, ka sayi masu kyau, kada ka yi tsumulmula. Hajiya ba ta sani ba, kada ka sa hoton keken inda jikokinta za su kai mata. In ka dawo lafiya ka kawo mini hoton yashin Durness babba, wanda zan iya gani ba tabarau.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya yi maka albarka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a layina, ba na mahaifiyarka ba.

Mahaifinka.