Kada ka zuba maganin nan tukuna

Gombe, daren Talata

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya Legas, ya iyali, ya ruwan sama? Wata huɗu ba kira ba saƙo, sai da tsutsa ta cika maka tankin kifin teku da murjani ka tuna kana da aboki a Bolari. Na yafe, amma goron sulhu yana kanka.

Na duba hotunan da ka turo. Jajayen ɗigon nan masu launin tsatsa da suka lulluɓe yashi da gindin duwatsu, su ne shimfiɗaɗɗun tsutsotsin da ake kira Convolutriloba. Ka ɗauko ɗaya ka duba da kyau, za ka ga wutsiyarta ta rabu uku, tsawonta 'yan milimita kaɗan. Ba sa cin murjani. Akwai gansakuka a cikin jikinsu da ke ciyar da su da haske, shi ya sa suke taruwa inda fitila ta fi ƙarfi kuma ruwa ba ya motsi. Ɓarnarsu ita ce su hau kan murjani su tare masa haske, kuma ba sa jiran aure kafin su yaɗu, jikin ɗaya ne ke tsiro da wata.

Abin da ya hana ni barci shi ne cewar da ka yi gobe za ka zuba Flatworm eXit, maganin kashe irin wannan tsutsa. Don Allah ka dakata. Maganin ba ya cutar da kifi, gawar tsutsar ce ke kisa. Jikinta na da dafi, idan dubbai suka mutu lokaci guda ruwan ya koma ruwan ɗorawa, kifi ya fara haki a sama, kafin ka juya ka yi asara.

Don haka kwana biyar zuwa bakwai na farko aikinka zuƙa ne kawai. Siririn tiyon iska, ka ɗaure bakinsa a jikin sanda, ka bi yashi da duwatsu da rana lokacin da fitila ta fito da su. Ruwan ya bi ta safar tacewa ya zuba a bokiti, ka mayar da shi tanki, tsutsar ka zubar. Ka juya famfo ɗaya ya riƙa dukan lungun da suka fi taruwa. Sai ka ga da ƙyar kake samun su, sannan a yi maganar magani.

Af, ƙanenka ya zo shago shekaranjiya da katin ɗaurin aure, bayan Sallah ne, a Pantami. Gwaggo ta ce in ba ka zo ba, kada ka ƙara aiko mata da atamfa. Mai shayinmu kuma ya koma bakin Tashar Dukku, har yanzu yana lissafin bashin ƙwai biyun nan.

To, ranar zubawa. Ka tanadi sabon ruwan gishiri tun ana gobe, ruwan da aka tace da injin tace ruwa na RO, gishirinsa 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishiri, zafinsa daidai da na tanki, wajen digiri 25 zuwa 26. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tanki shi ne mafi ƙaranci. Naka lita 300 ne, wato jarka uku masu lita 25, amma ni zan ce ka cika huɗu. Gawayin tace ruwa sabo, rabin kilo ga kowace lita 200, ka wanke ƙurarsa ka ajiye a gefe. Tsohon gawayin ka cire shi, fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ka kashe ta, in ba haka ba su za su shanye maganin. Awonsa ɗigo ɗaya ga lita 5, kuma ainihin ruwan za ka lissafa, ba girman gilashi ba, domin duwatsu da yashi sun ci wuri. Cikin rabin awa za ka ga sun saki jiki suna yawo kamar zare. Nan take ka sa gawayi a inda ruwa ke ratsa shi da ƙarfi, ka riƙa kwashe gawa da raga mai laushi da tiyo, sannan ka canza ruwa. Na'urar kumfa mai fitar da datti daga ruwa ta ci gaba da aiki. Bayan mako guda ka maimaita, saboda waɗanda suka ɓuya a ramukan dutse.

Kuma ka yi shi da safe, ranar da kake gida, janareta cike da mai. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, famfo ya tsaya, iska ta yi ƙasa a ruwan da dafi ya riga ya cika. Wannan ya fi tsutsar kanta ba ni tsoro.

Na san halinka da son araha, za ka ji ana cewa levamisole, maganin tsutsar ciki na awaki, ma yana yi. Gaskiya ne sinadarin yana kashe su, amma na shagunan maganin dabbobi sau da yawa a haɗe yake da wani magani, oxyclozanide, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Kada ka gwada a tankin da ka kashe wa kuɗin rabin fili.

Hoto na uku ne bai kwanta mini ba. Murjanin nan na hagu, irin da ake kira Acropora, gindinsa ya yi fari, kuma kamar akwai ƙananan tabo zagayayyu a jikinsa. Idan haka ne, wata tsutsar ce daban, mai cin naman Acropora, launinta ya saje da na murjanin har ba a ganinta, kuma Flatworm eXit ba ya taɓa ta. Ka ciro murjanin, ka sa a roba da ruwan tanki da maganin tsoma murjani, CoralRx ko Revive, bisa awon kwalbar, minti 5 zuwa 10, kana fesa masa ruwa da sirinji. In sun zubo, ka duba gindin, za ka ga ƙwai launin ƙasa a manne a inda nama ya mutu. Tsomawa ba ta kashe ƙwai, sai ka kankare ko ka yanke gindin ka jefar. Duk Acropora ɗinka su koma wani ƙaramin tanki, tsomawa sau ɗaya a mako har mako shida. Kada ka sa shi a ruwan da ba gishiri, zai mutu.

Kifin wrasse mai layi shida ko melanurus suna tsintar ragowar tsutsotsin, amma ba kowanne ke ci ba, kuma suna tsalle, sai da murfi. Melanurus a cikin yashi yake kwana. Daga yau kuma duk sabon murjani sai an tsoma shi an keɓe shi kafin ya shiga, don a jikin wani murjanin tsutsotsin suka shigo maka.

Ka turo mini hoton gindin Acropora ɗin da fitilar waya, kusa sosai. Ka gaida Hajiya da yara. Me zan ce wa Gwaggo?

Naka,
Abokinka na Bolari