A fara duba lagireto kafin a yi cinikin mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja kunnen magidantan Damagaram masu shirin sayen motar iyali ta hannu. Yawanci fenti da lambar kilomita suke kallo, alhali fenti aikin kwana biyu ne, kilomita kuwa ana mayar da ita baya. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afirilu da Mayu, abin da ke kashe inji matsalar ruwan lagireto ce.

A je ganin mota da sassafe. A ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga an tashe shi, a dawo gobe. Inji na sanyi a buɗe murfin lagireto, a sa dillali ya tada mota. In ruwan na ta fitar da kumfa, alama ce gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa ya ƙone. A buɗe murfin baƙin mai ma: farin dattin da ya yi kama da kindirmo yana nufin ruwa ya haɗu da mai. A bar ta tana aiki minti 20 da AC a kunne, a ga ko fanka na tashi da kanta, allurar zafi kuma ta tsaya tsakiya. Wasu kan cire tamosta, mai daidaita zafin ruwan inji, su haɗa fanka kai tsaye don ɓoye ciwon. Wayar da aka naɗe da salatif kusa da fanka ita ke tona asiri.

Hayaƙin salansa shuɗi, inji na shan mai, ringi ya gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne. Baƙi da sauƙi, sau da yawa matacin iska ne ƙurar hunturu ta toshe.

Motar da ta fito Turai ta tashar Kwatano ko Lome, a leƙa ƙarƙashinta, don gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin shasi. Kada gwaji ya tsaya kan kwalta. A shiga rairayi da gargada a saurari ƙafafu. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a jikin taya su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Mu dai Corolla muka fi ba mai iyali shawara, don kayanta na nan cikin gari, abin da babu a samo daga Kano. Motar da sai an yi odar fitilarta daga waje, zaman garaji za ta yi.

Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ta dace da ta kartagiris, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan, harafi bayan harafi. Kafin nan ko kafin alƙalami kada a bayar. Kanikawan da za su duba kuma, mai saye ya zo da nasa.

Wasu kanikawan mota,
Damagaram