Wasiƙa kan dutsen kicin ɗin gidanka na Kubwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Mu ma nan Abuja sai godiya.

Na leƙa gidan naka ranar Asabar. Tayil ya zauna da kyau, fenti ma saura kaɗan. Abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙa maimakon in yi maka saƙon murya shi ne dutsen kantar kicin. Ƙaninka ya ce ka ba da umarni a tura wa mai dutse awo ta WhatsApp ya fara yanka, tunda kafinta ya rubuta girman kabad a takarda. Don Allah ka dakatar da shi. Kabad ɗin nan har yanzu suna shagon kafinta, ba su ma shigo gidan ba.

Ka san ginin namu. Bango ba ya miƙewa sak, filasta ta yi kauri nan ta yi siriri can, kusurwar da ido yake gani daidai sai an ɗora awo ake gane ta karkace. Katako in ya yi yawa kafinta zai fere shi nan take, in ya gaza ya yi masa ciko. Dutse kuwa in ya gaza ya gaza ke nan, sai dai a cusa siminti ko gam a ramin, kullum idon Hajiya yana kai. Don haka sai an kafa kabad an ɗaure su, an tabbatar samansu ya daidaita ba tudu ba gangare, sannan mai dutse ya zo da kansa ya auna. Mai sanin aikinsa ma ba ya tsayawa kan tef kaɗai, yakan yanka kwali ko falankin katako daidai siffar wurin ya tafi da shi. Kuma kafin ya zo, sinki da murhun gas ɗin da za a binne a kantar su kasance an saye su suna ajiye a gidan, don da su zai auna ramin da zai huda. Kada ka yarda da "ai duk girmansu ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne.

Maganar zaɓen dutse, kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ba nisa daga Kubwa, ni zan iya raka ƙaninka. Abin mamaki, ga duwatsu sun kewaye mu, ga Mpape ana fasa dutse dare da rana, amma da yawa daga fale-falen da aka goge suke sheƙi daga Indiya da Sin ake kawo su. Baƙin dutsen giranait ɗin nan mai ɗigo-ɗigon ruwan zinare da kowa ke so, wanda suke kira Black Galaxy, daga jihar Andhra Pradesh ta Indiya yake fitowa. Ko wanne aka zaɓa, a ga falen gaba ɗaya a tsaye cikin rana, ba ɗan guntun da suke nuna wa mutum a tebur ba, a shafa shi da hannu a nemi tsaga, sannan a rubuta suna a bayansa don kada a musanya.

Na san Hajiya farin mabul take so, ta gani a gidajen can. Ka ba ta haƙuri. Mabul ba ya shiri da tsami. Lemon tsami, tsamiya, tumatir, duk suna cinye sheƙinsa su bar tabo dishi-dishi wanda sabulu ba ya fitarwa, ga shi yana shan mai. Kicin ɗin da za a dama kunun tsamiya da azumi a kuma soya manja ba wurinsa ba ne. Wani mai sayarwa ya gwada mana a gabanmu: ya matsa lemo a guntun mabul da guntun giranait, ya ɗiga manja a gefe, muka yi ta hira. Da ya goge, giranait ɗin kamar ba a taɓa shi ba, mabul kuwa ga zagayen lemon ya fito fili, manjan ya bar rawaya. Giranait mai haske shi ma yakan sha mai in ba a shafa masa maganin toshe ƙofofinsa ba, don haka a ɗiga masa ruwa, in wurin ya yi duhu bayan 'yan mintuna to yana buƙata. Akwai kuma na haɗi da ake kira kwaz, garin dutse ne da gam, ba ya shan komai, amma tukunyar da aka sauke daga wuta tana iya ƙona shi. A gidan da 'yan aiki da yara ke shiga kicin, ni dai giranait mai duhu zan ce.

Kauri iri biyu aka fi samu, santimita 2 da santimita 3. Kada ka raina nauyinsa: murabba'in mita ɗaya na mai santimita 2 ya haura kilo 50, na mai 3 kuwa kusan kilo 80 ne. Ka sa kafinta ya san da haka ya ƙarfafa kabad ɗin, musamman wajen sinki, inda ramin yake barin dutsen siriri gaba da baya. Nan ne yake karyewa. Shi ya sa za ka ga masu aikin suna ɗaukarsa a tsaye ta gefe, ba a kwance ba, kuma kada masu gadi su sa hannu da sunan taimako.

Ranar ɗorawa lallai wani namu ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe. A tanadi janareta da mai, don injin yankansu ba zai jira a kawo wuta ba. Duk yankan da ya rage a yi shi a tsakar gida ana zuba ruwa, ba cikin kicin a bushe ba. Ba don ƙazanta kaɗai ba, ko da yake ƙurar nan har cikin durowa take shiga. Ƙurar dutse tana lalata huhu, ciwon da ba ya warkewa, kuma ta na haɗin nan ta fi muni, har Ostareliya ta haramta shi daga Yulin 2024 saboda ma'aikatan da suka kamu. Yaran da ke wannan aiki a nan sau da yawa ko ƙyalle ba sa ɗaurawa a hanci. In ka saya musu takunkumi na kirki, ba asara ba ce.

Kantarka mai lanƙwasa ce, dole a sami mahaɗa. Ku yi magana tun ranar awo a kan inda za ta faɗo, kada ta zo kan sinki. Bayan an haɗa a bi ta da yatsa, in farce ya maƙale to gefe ɗaya ya fi tudu, su gyara kafin gam ya kama. A duba silikon ɗin, wato gam mai hana ruwa wucewa, da suka zagaye sinki da jikin bango da shi, don ta nan ruwa ke sulalewa ya kumbura katakon ƙasa a hankali ba a sani ba. Silikon yana son kwana guda cur kafin ruwa ya taɓa shi, saboda haka mai famfo washegari zai zo ya haɗa bututu, ba ranar ba, duk yadda ya matsa.

Batun kuɗi, ka sa a rubuta ko farashin ya haɗa da yanka, hujin sinki da na murhu, goge baki, ɗan dutsen da ake jingina wa bango, mota da masu ɗauka. A nan ake samun "ai wannan daban ne". Ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai an gama an duba. Guntun da aka cire daga ramin sinki naka ne, a karɓa, Hajiya za ta ji daɗinsa wajen murza fulawa.

Yanzu abin da nake jira daga gare ku shi ne Hajiya ta faɗi irin sinkin da take so, wanda bakinsa ke hawa kan dutse ko wanda ake liƙawa ta ƙasa, da kuma murhu mai kai nawa. Da zarar ta faɗa zan saya in kai gidan, in kuma matsa wa kafinta ya kawo kayansa cikin makon nan.

Maman yara tana gaida Hajiya sosai. Allah ya sa a shiga gidan a sa'a.

Naka,
amininka na Gwarinpa